Ƙugun Ƙarfe da Taurin Kan Mahaifinki

Bagudo,
Jihar Kebbi.

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya kai ki Kano lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da malamai masu tausayi da abokan zama nagari.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taku. Na gwada yi miki maganar nan da baki, amma duk lokacin da na ɗauko ta sai Innarku ta shigo ta ce ba haka aka yi ba, ke kuma ki kama dariya, maganar ta watse. Takarda ba ta katse mutum, shi ya sa na zaɓe ta. Ki karanta kafin ranar tafiyarki, in kin isa can kuma ki sake dubawa duk sadda kika samu sarari.

Tun da kika ce karatun gashin ƙashi za ki yi nake ta tunani. Malamanki za su koya miki ƙashi da jijiya da tsoka, ni ban san ko ɗaya ba. Abin da na sani shi ne abin da ke yawo a zuciyar mutumin da ke kwance yana kallon rufin ɗaki, an ce masa ya tashi ya taka. Lokacin da abin ya same ni kina makarantar kwana, hutu kawai kike zuwa, kuma da kin zo sai in sa babbar riga in gyara zama in yi ta fara'a. Saboda haka rabin labarin kika sani, rabin da ya fi kyan gani.

Kin san sana'ata, albasa nake saye a bakin kogi in tsallakar da ita ƙasar Benin. Ranar da na faɗi, an gama lodin mota a kasuwar Tsamiya, sai na hango igiya ɗaya ta yi sako-sako. Ga masu lodi nan tsaye, ƙarfafa, aikinsu ke nan. Amma ni da furfurata na tattare riga na hau, don a ganina duk faɗin Kebbi ba wanda ya iya ɗaurin igiya kamata. Buhu ya zame, na biyo shi. Albasar ba ta ji komai ba, washegari ma aka sayar da ita. Ni kuwa na kasa tashi.

Abokina Idi Maijirgi, ɗan ƙabilar Dendin nan mai fiton kaya da ke kawo muku kifi, shi ya fara isowa kaina. Ya dubi yadda ƙafar ta kwanta ta juya waje, ya ce, "Alhaji, wanga ba na gida ba ne. Mu tahi asibiti."

Na ce masa sam. Akwai wani mai ɗori a wani ƙauye tsallaken iyaka da ya taɓa gyara mini hannu ina saurayi, can za a kai ni. Aka kai ni. Mutumin ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ja, ya ɗaure, ya shafa, ban ga laifinsa ba. Na dawo gida na kwanta ina jiran ƙashi ya kama. Albasa ta ƙare a kasuwa, damina ta sauka, mutane suka yi shuka suka yi noman farko, ni ina nan a shimfiɗe. Ƙafar ta gajarce. In na motsa sai in ji kamar ana goga dutse bisa dutse a cikin ƙuguna. Duk wanda ya zo gaisuwa sai in ce da sauƙi.

Innarku ce ta kawo ƙarshen abin. Wata safiya ta sa aka kira mota har ƙofar gida, ta shigo da mayafinta a kafaɗa ta ce, "Malam, mota na waje. In ka so ka shiga da girmanka, in ba ka so ba a ɗauke ka da katifar."

Na shiga da girmana, ko abin da ya rage daga cikinsa.

A babban asibiti a Birnin Kebbi likita ya ɗaga hoton ƙashin ya nuna mini. Wuyan ƙashin cinya ne ya karye daga can cikin mahaɗar ƙugu, inda hannun mai ɗori ba ya kaiwa. Jini ya daina isa ga kan ƙashin, ya mutu. Ya ce sai dai a cire shi a sa na ƙarfe. Bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi da an zo da wuri da an rage mini wahala.

Ummi, ba yarda da ɗori ce ta zaunar da ni ba, tsoro ne. Na taɓa jin an ce in ka je asibiti da karayar cinya yanke ƙafar suke yi, ban tambayi kowa ba, na riƙe maganar a raina. Za ki haɗu da mutane da yawa da za su zo miki a makare. Kada ki fara da tambayar me ya hana su zuwa, sun riga sun tambayi kansu. Ki tambaye su me suke tsoro. Ke ma in wani abu ya dame ki a can, ciwo ne ko karatu ne ko zaman ɗaki, ki faɗa tun yana ƙarami. Gidanmu akwai halin cewa da sauƙi, daga wurina kuka ɗauka, ban so ki tafi da shi.

Aka yi aikin, Allah Ya sa aka dace. Washegari ina kwance da matashin kai tsakanin ƙafafuna, ina jin cinyar kamar an ɗora mata dutsen niƙa, sai ga wata mata gajeruwa ta shigo tana turo wani ƙarfe mai ƙafa huɗu, irin wanda ake dafawa a koyi tafiya. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce sunanta Asabe, mutuniyar Zuru ce, ita ce mai gashin ƙashi.

"Baba, yau za mu tsaya."

Na waiga ko da wani take. Ba kowa a bayana sai bango. Na ce, "Ɗiyata, jiya aka tsaga ni."

"Na sani, Baba. Shi ya sa sai yau."

"Ki dawo in ƙashi ya kama."

Ta ce, "Ƙashin da za a jira ya kama ai an cire shi. Wanda ke ciki yanzu ba ya jiran kowa. In ka ci gaba da kwanciya naman ƙafar ne zai saki, jini kuma yana iya daskarewa a ciki, wannan ya fi karayar haɗari."

Sai na ce ni mace ba ta riƙe ni. Ba ta ɓata rai ba. Ta ce za ta kira ma'aikaci namiji ya riƙe ni, ita a gaba za ta tsaya. Na juya fuskata bango na ce barci nake ji. Ta ajiye ƙarfen a gefen gado, inda da na buɗe ido sai na gan shi, ta ce za ta zagayo.

A gadon da ke kallon nawa akwai wani dattijo Bafillatani daga Kaoje, siriri kamar kara, ya girme ni nesa, shi ma ƙugu aka canza masa. Ya dafa nasa ƙarfen ya taso, ƙwas, ƙwas, ya zo ya wuce ta gabana. Da ya iso saitina sai ya tsaya ya ce, "Sannu da hutawa, Alhaji." Ya je ƙarshen ɗaki ya dawo, ya sake tsayawa. "Sannu da hutawa." Ba murmushi a fuskarsa, amma na san abin da yake yi. Kafin ya yi zagaye na gaba na ce a kira mini Malama Asabe.

Suka zaunar da ni a bakin gado. Ɗakin ya juya, ta ce in jira ya tsaya. Sannan na dafa ƙarfen na miƙe. Na ji sanyin siminti a tafin ƙafar da ta daɗe ba ta taɓa ƙasa ba, kuma gogar dutsen nan babu ita. Akwai zafin yanka, amma wancan ciwon ya tafi. Idona ya kawo ruwa, na ce maganin da suka shafa a ƙasa ne ke da yaji. Malama Asabe ta ce gaskiya ne, kowa haka yake cewa.

Ki lura da abin da matar nan ta yi. Ta faɗa mini dalili sau ɗaya, da Hausar da zan gane, sannan ta bar mini hanyar da zan sauko ba tare da na ji an kayar da ni ba. Dattijo ba ya ƙin gaskiya, ƙin a ga an fi shi yake yi. In kin ba shi wuri, da ƙafarsa zai zo.

Aka sallame ni da dokoki. Kada in harɗe ƙafa. Kada in zauna a abin da ya yi ƙasa har gwiwa ta fi ƙugu tsawo. Kada in sunkuya ɗaukar abu a ƙasa, kada in murɗa jiki ƙafar tana kafe. Ke kin san gidan Bahaushe, komai namu a ƙasa yake: ci a tabarma, hira a tabarma, alwala a tsugune, bayan gida a tsugune. Sai da aka ɗora gadona bisa bulo, aka sa kafinta ya yi mini kujera mai tsawo, ya kuma yi wata mai rami a tsakiya aka kai bayan gida. Da ya kawo ta yana ta sunkuyar da kai, ni ma ina kallon wani wuri, muka yi cinikin ba wanda ya ambaci sunanta. In kin fara aiki ki riƙa tambayar mutane yadda gidansu yake, a ina suke kwana, a ina suke zagayawa. Ba za su faɗa da kansu ba, kuma a nan ne ake faɗuwa.

An kuma ba ni motsa jiki da zan riƙa yi safe da yamma. In riƙa ɗaga yatsun ƙafa ina saukewa kamar mai taka keken ɗinki. In matse cinya in saki. In jawo diddige bisa shimfiɗa in mayar. In dafa bango in buɗa ƙafar gefe in dawo da ita. A idona duk wasan yara ne. Na yi na ɗan lokaci, na bari. Na koma zama bisa kujerata mai tsawo kamar alƙali, ina kiran a kawo ruwa, a kawo rediyo, a kawo carbi, a kore kaji.

Da muka koma ganin Malama Asabe ta tambaye ni ko ina yin abin da ta ce. Na ce kullum. Ta ce to madalla, in kwanta in ɗaga ƙafar ta gani. Na yi nishi, na ciji leɓe, ƙafar ta ɗan motsa kamar mai jin kunya ta koma. Ta juya ta dubi Innarku.

Innarku ta ce, "Bakinai dai na motsi ƙwarai."

Suka fita waje suka daɗe suna magana. Ban san abin da suka ƙulla ba sai washegari. Na tashi na yi salla na zauna ina jiran kunu, shiru. Na ɗaga murya na ce ina karin kumallo.

Daga madafi ta amsa, "Yana bisa turmi, ƙarƙashin dalbejiya."

"To a kawo mana."

"Ba mai kawowa. Ga ƙarhenka nan kusa da kai."

Na yi faɗa, Ummi. Na faɗi maganganun da bai kamata a faɗa wa matar da ta yi watanni tana juya ni a shimfiɗa tana wanke ni ba. Na ce ta gaji da ni ne. Ta ci gaba da aikinta. Na zauna ina huci, ƙamshin ƙosai yana biyo iska yana shigowa har ɗaki. Daga ƙarshe ciki ya fi zuciya ƙarfi. Na dafa ƙarfen na fita, na isa gindin bishiya ina gumi. Kunun ya huce. Da na ɗago sai na hango ta a bakin madafi, tana leƙe, ta kama gefen zaninta ta damƙe, a shirye take ta rugo in na yi tangaɗi. Idonta jawur. A nan na gane wanda abin ya fi yi wa wuya a cikinmu. Na ba ta haƙuri kafin in sha kunun.

Daga ranar turmin nan ya riƙa yin nisa. Yau gindin dalbejiya, jibi bakin rumbu, daga baya zaure. Na koma kan motsa jikin da na raina, kuma a hankali ƙafar ta fara jin magana. Na bar ƙarfe mai ƙafa huɗu na koma sandunan hammata, daga nan na koma sanda ɗaya, wadda aka ce in riƙe a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya. Na yi gardama a kan wannan ma, na ce a kife suka faɗa, sai da na gwada na ga su ke da gaskiya.

Abu biyu nake so ki ɗauka a nan. Majinyaci zai ce miki yana yi alhali bai yi ba, ba don shi maƙaryaci ne ba, kunyarki yake ji. Ki sa ya gwada a gabanki, ki kuma tambayi mai dafa masa abinci. Sannan in kin ga wadda ta rako shi, ki tambaye ta ita ma ya jikinta. Duk masu zuwa gaishe ni ba na tuna wanda ya tambayi Innarku ko ta samu barci.

Akwai abin da ya fi ciwon damuna, shi ne salla. An ce kada in yi sujada a ƙasa sai an ba ni izini, in yi a kan kujera. A ɗaki ina yi. Amma in ɗauki kujera in kai masallacin unguwa, in zauna a ƙarshen sahu yara suna kallo, wannan na kasa. Ga masallaci ana jin kiran salla har cikin gida, ga ƙafa ta kai ta kai ni, amma sai in ce ban gama warwarewa ba.

Wata rana bayan la'asar Liman ya yi sallama, shi da Idi. Muka gaisa. Liman ya ce, "Alhaji, an ce mini kana zuwa har zaure shan kunu."

Na ce haka ne.

"Daga zaure zuwa masallaci ai bai kai daga ɗaka zuwa zaure ba."

Na faɗa masa gaskiya, kujerar ce ke ba ni kunya. Ya ce Wanda ake yi wa sallar Shi Ya sauƙaƙa wa mara lafiya, ni wane ne da zan tsananta wa kaina. Idi yana gefe yana ta murza gwiwarsa.

Da magariba na ɗauki sanda na fita, aka bi ni da kujera. Ina shiga na tarar da wata kujerar a ƙarshen sahu, Idi a kanta. Na ce, "Kai kuma mi ya same ka?"

Ya ce, "Shekara da shekaru gwiwa na kashe ni in na duƙa. Jira nike wani ya fara."

Kafin wata ya ƙare mun zama mu huɗu a jere. Mutanen unguwa suka sa mana suna 'yan majalisa. In an idar da salla sai ka ji ana tambaya ko majalisa ta yanke hukuncin yaushe za a yi ruwa. Abin da na ɓuya dominsa shi ya zama hirarmu. Ke ma za ki shiga aji ki ga kamar kowa ya gane sai ke. Ki ɗaga hannu ki tambaya. Akwai Idi a kowane aji, yana murza gwiwa yana jiran wani ya fara.

Da na ce miki daga nan na yi hankali da na yi ƙarya. Sauƙi ya samu, na fara jin kaina kamar saurayi. Aka yi haihuwa gidan ƙanena a Zagga. Innarku ta ce in jira a samu mota, na ce suna ba ya jiran mota. Na faki idonta, na jingine sandar a bayan ƙofar zaure, na tare ɗan kabu-kabu, na ɗaga ƙafa na haye babur. Hanyar nan kin san ta, rami ne ke gaishe da rami. Kowane tsalle ina jin sa har cikin haƙora, amma ina ta ɗaga wa mutane hannu don su ga Alhaji ya warke.

A wurin suna aka kawo mini kujera, na ce a ba tsofaffi. Na sauka bisa tabarma na tanƙwashe ƙafa kamar kowa. Aka yi addu'a, aka raɗa suna, aka kawo waina da nama, na ci na ƙoshi. Jama'a suka fara tashi. Na yunƙura, sai na ji wani abu ya tsarga daga ƙugu har gwiwa kamar an soka mini wuƙa. Na koma na zauna. Na ce wa na kusa da ni hira nake so mu ƙara. Muka ƙara, shi ma ya tashi. Sai da wurin ya rage daga ni sai masu naɗe tabarma, suna tsaye suna jiran wadda nake kai, sannan na kira ƙanena na faɗa masa a kunne. Maza suka taru suka ɗaga ni kamar buhun albasa suka sa a mota.

Wannan tafiyar zuwa Birnin Kebbi ba zan manta da ita ba. An riga an gaya mini in ƙarfen ya goce daga mazauninsa sai an sake shiga ɗakin tiyata, wani lokaci ma ƙafar ba ta komawa daidai. Na riƙa tuna wahalar da aka sha a kaina, ga shi na je na zubar saboda waina. Innarku tana gefena ba ta ce uffan ba har muka isa, kuma da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Aka ɗauki hoto. Allah Ya rufa asiri, ƙarfen yana wurinsa, tsoka ce ta yage. Aka ce in koma kan ƙarfe mai ƙafa huɗu, in sake farawa daga can baya. Malama Asabe ta shigo ta duba hoton, ta dube ni. Na shirya jin faɗa.

Ta ce, "Baba, naman sunan ya yi daɗi?"

Na ce, "Ya yi."

"To alhamdu lillahi. A dafa mu tashi."

Ranar da mutum ya fara jin sauƙi ta fi ranar ciwo haɗari, domin ciwo yana tsare mutum, sauƙi kuwa sakin sa yake yi. Ki gargaɗi majinyatanki tun kafin ranar ta zo. Ki gargaɗi kanki ma. In kin ci jarrabawar farko da kyau, ko kin fara sanin hanyoyin Kano har kina ganin kin zama 'yar gari, a lokacin ne za ki ƙara kula. Wanda ya koma baya kuma kada ki ƙara masa da gori, ya sha isasshe a hanya kafin ya iso gare ki.

Karo na biyu na bi doka sau da ƙafa. Ban tsallake motsa jiki ba, ban zauna ƙasa ba sai da aka ce in gwada, shi ma a hankali, ina dafe da abu. Matakala na koyi hawa da ƙafa mai lafiya a gaba, in sauko da mai ƙarfen a gaba. Na koma kasuwa, amma a ƙasa nake tsayawa in nuna igiya da baki, kuma abin mamaki lodin yana isa lafiya. Ran nan ni da Idi muna bakin iyaka, wani jami'i ya zagaya jikina da abin nan nasu mai kuka in ya ji ƙarfe. Yana kaiwa ƙuguna ya kama tsuwa. Ya sa na juye aljihu, ba komai sai goro. Ya sake gwadawa, ya sake tsuwa. Idi ya gaya masa da Dendanci cewa kayan a ciki suke, kuma an riga an biya musu kuɗin fito. Mutumin ya yi dariya har ya kira abokin aikinsa ya zo ya ji.

Yanzu ga roƙona na ƙarshe, kuma shi ne ya fi muhimmanci a wurina. Na lura duk sadda muke tafiya tare kina rage sauri. Kina yin kamar takalminki ne ya kwance, ko kina duba waya, don in cim miki. Kin zaci ban gani ba. Na kuma ji kin ce wa Innarku ko ki ɗaga tafiyar zuwa baɗi, saboda wa zai riƙa kula da ni. Allah Ya yi miki albarka da wannan zuciyar, amma ban yarda ba. Ina zuwa masallaci, ina zuwa kasuwa, ina shiga jirgin Idi in fita da ƙafata. An sha wahala kafin a tsayar da ni, ba don in tsayar da ke ba.

Ranar tafiyarki da ƙafa za mu je tasha, ni da ke. Ki yi tafiyarki yadda Allah Ya hore miki, kada ki waiga. In kin riga ni ki kama wurin zama kusa da taga. Kafin mota ta cika zan iso, in tsaya a inda za ki gan ni.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kare ki daga sharrin hanya da na mutane, Ya buɗa miki karatu, Ya sa hannunki ya zama sanadin tashin mutane da yawa. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki riƙa kiran Innarku ko ba ki da abin faɗa. Ya dawo mana da ke lafiya, mu ma ki same mu lafiya. Amin.

Wassalam.

Mahaifinki,
Alhaji Umaru Mai Albasa